Fayil Mai Jela

A ƙasan benen babbar kotu, in ka wuce ofishin rajistara ka karya hagu wajen famfon nan da ba ya daina ɗiga, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya. A nan Baba Basilla ya yi shekara talatin da ɗaya yana ɗinki. Ba riga yake ɗinkawa ba, ba kuma takalmi ba. Takardun shari'a yake jerawa, ya daidaita bakinsu a kan tebur, ya huda gefe wuri uku, ya goga wa zare kakin zuma, ya mayar da tarin warwatsattsun shafuka fayil guda, wanda ko daga saman bene ka jeho shi ba zai zubar da shafi ɗaya ba. Sunansa na yanka yana nan cikin takardar albashi, amma ko mai biyan albashin sai ya sosa kai kafin ya tuno shi. Kowa Basilla yake cewa, saboda ƙatuwar allurar da ke soke a aljihunsa na gaba, inda sauran ma'aikata ke maƙala biro.

Ubansa gyaran takalmi yake yi a jikin katangar kotun. Wata rana hannun jakar tsohon rajistara ya tsinke, uban kuma ya tafi asibiti, sai saurayin ya karɓa ya ɗinke. Tsohon rajistara ya juya jakar, ya ja hannun da ƙarfi kamar mai neman dalilin faɗa, bai samu ba. Ya ce, "Wanda ya iya wannan, takarda ba za ta gagare shi ba. Ka zo ranar Litinin." Shi ke nan jarrabawar ɗaukar aikin. Karatunsa na makaranta bai wuce aji shida ba, sauran duk a cikin fayil ya koye shi, don ba ya soka allura a shafin da bai karanta ba. Ya ce rashin ladabi ne ka huda maganar mutum ba ka ji ta ba.

Matarsa tela ce, kekenta na zaure tun kafin su haifi ɗan fari. Aurensu ya yi albarka, 'ya'ya huɗu duk sun kama gabansu, kuma faɗa ɗaya tak suka riƙe suna tayar da shi in sun rasa abin hira: aljihun wandonsa na dama, wanda ya ɓarke tun shekarar da autarsu ta shiga sakandare.

"Shekara talatin kana ɗinka wa gwamnati," in ji ta, "makullinka yana bin ƙafarka yana faɗowa a titi. Wallahi ba zan ɗinka ba. Gida mai allura biyu!"

Shi kuwa sai ya gyara zama ya ce, "Allurata ta hukuma ce, Hajiya. Ba a yin aikin gida da kayan hukuma."

"To ka yi ta zubar da makulli, Malam, har ka yi ritaya."

Ga yadda aikin yake. Ƙarshen kowane wata, kotunan majistare suna aiko wa babbar kotu jerin shari'o'in da suka yanke, haɗe da takardunsu. Dalili shi ne mai shari'a ta nan sama ta duba aikinsu ko da babu wanda ya ɗaukaka ƙara. In ta ga hukuncin da bai zauna daidai ba, tana da iko ta kira fayil ɗin da kanta ta gyara. To amma jerin nan yakan kai layi ɗari uku, kowace shari'a da layinta guda. Mai shari'a takan bi da jan biro ta ja layi a ƙarƙashin waɗanda take son gani. Sauran sai su gangaro wajen Basilla, ya ɗinke, ya ƙulle, a kai sito. Sito kuwa, Allah ya raba bawa da shi. Fayil ɗin da ya shiga can, gara ce kawai take sake karanta shi.

A shekararsa ta uku a bakin aiki wani abu ya same shi wanda bai taɓa barinsa ba. Ya ɗinka fayil ɗin wani makanike da aka tsare saboda ya ƙi mayar da injin da aka ba shi gyara. Ya yi masa ƙulli mai kyau, irin wanda yake alfahari da shi a lokacin, ya kai sito. Sai bayan wata goma sha ɗaya aka gano an manta da mutumin a gidan yari. Da ya fito ya zo karɓar kwafin takardarsa, ya tsaya a ƙofar ɗakin nan duk ya rame, ya ce a taimaka masa da ruwa. Basilla ya ba shi ruwan, ya je sito ya zaro fayil ɗin, ya ga ƙullinsa yana nan cas kamar jiya aka yi shi. Ba shi ya yanke hukunci ba, ba shi ya riƙe makullin gidan yari ba, babu ma wanda ya ce masa uffan. Amma ƙullin nasa ne, kuma ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba.

Tun daga ranar ya kafa wa kansa doka. Duk fayil ɗin da ya ga an tsare mutum a cikinsa kan rigimar mutum da mutum, ba ya ƙulle shi. Yakan ɗinke, ya bar zare tsawon taƙi guda yana lilo, ya ajiye a kantar da ke fuskantar kujerarsa. Sai ranar da gandiroba ya kawo takardar sallama daga gidan yari, ya saka ta a matsayin shafin ƙarshe, sannan ya ƙulle. Ma'aikata suka raɗa musu suna fayiloli masu jela. Rajistara biyar aka yi a gabansa, kowanne ya zo sai ya ce jelar nan ƙazanta ce, kowanne kuma ya tafi ya bar ta tana lilo.

Zaren nan shi ya koya masa doka. Bai taɓa buɗe littafin da sashen yake ciki ba, amma ya lura jela ba ta wuce mako shida. Wanda bai yi sata ba, bai yi duka ba, umarnin kotu kawai ya ƙi bi, iyakar abin da doka ta yarda a tsare shi ke nan. Mako shida na cika, takardar sallama za ta zo.

Makon da zai yi ritaya, ranar Litinin da safe, rajistara na yanzu ya leƙo. Matashi ne mai tsafta, mai kirki in ya sami lokaci, sai dai bai cika samu ba. Ya ce za a fente ɗakin a zuba na'urori, don haka kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a duk abin da ke kanta a ƙulle shi a kai sito.

"Har da masu jelar nan, Baba. Musamman ma su."

Guda bakwai ne. Basilla ya aika wa abokinsa gandiroba saƙo, kafin azahar ta Talata takardun sallama shida suka iso. Ya ƙulle shida yana 'yar waƙarsa a maƙogwaro. Na bakwai ya rage. Da ya ɗauko shi sai ya ga zaren har ya yi dauɗa ya koma ruwan ƙasa. Ya duba kwanan wata. Wata huɗu da kwana tara. Fayil ɗin ya zame bayan wani babba ne, idonsa kuma ba kamar da ba.

Ya zauna ya sake karanta shi daga farko. Wani tsohon direban bas ne yake da bishiyar mangwaro a tsakar gidansa. Saiwarta ta bi ƙarƙashin ƙasa ta tsaga katangar maƙwabcinsa mai kantin magani. Maƙwabci ya kai ƙara, majistare ya ce a sare bishiya cikin kwana goma sha huɗu. Tsoho bai sare ba. Da aka sake kiransa, magatakarda ya rubuta amsarsa yadda ya faɗe ta: "Ranka ya daɗe, matata ce ta shuka ta, kuma ta rasu. In sara ake so, a fara da ni." Da alama mutanen kotu sun yi dariya, da alama kuma majistare bai yi ba, don layi na gaba cewa ya yi a tsare shi har sai ya sare. A takardar tsarewa, gurbin da ake rubuta ranar fita fari ne fat.

To jama'a, mutumin da aka kulle a gidan yari, da me zai sare bishiyar da ke gidansa? Da addu'a? Basilla ya nemo jerin watan don ya ga yadda aka rubuta shari'ar. Kalma uku ce: umarnin sare bishiya. Ko shi ne mai shari'a, jan bironsa ba zai tsaya a nan ba.

Yana zaune da fayil ɗin a cinya sai wata mata ta yi sallama. Ba ta wuce shekara talatin ba, da allin makaranta a hannun rigarta da kwanon abinci a jaka. An yi ta tura ta daga wannan taga zuwa waccan har ta ƙare a ɗakin da ke da benci da randar ruwa.

"Baba, don Allah nan ne ake tambayar maganar wanda aka tsare?"

"Nan ɗakin ɗinki ne, 'yata. Amma zauna ki sha ruwa. Wa aka tsare miki?"

"Babana. Kan bishiya."

Basilla ya kifa fayil ɗin a hankali don kada ta ga sunan da ke kansa. Ta ce ta je wajen lauya, lauya ya ce kwanakin ɗaukaka ƙara sun wuce tun tuni. Ta ce da dare ɗaya za ta sa a sare bishiyar a huta, amma uban ya rantse in ta taɓa ko reshe ba shi ba ita.

"Kullum na kai masa abinci, ba ya tambayata jikokinsa sai ya fara tambayar bishiya. Ya shiga tana fure, yanzu ga 'ya'ya har sun fara nuna. Shi kansa maƙwabcin namu ya daina haɗa ido da ni. Ya ce shi katanga ya nema, bai nemi wannan ba." Ta yi dariya, hawaye suka biyo bayan dariyar. "Baba, tsufa yake yi a can. Jiya na ga hannunsa yana rawa."

Ba aikin mai ɗinki ba ne ya ba da shawarar shari'a, an gaya masa wannan tun ranar farko. Ya ce mata kawai, "Bar mini lambar wayarki a wannan takardar. Ban yi miki alkawarin komai ba, kin ji?"

Da ta fita ya ɗauki fayil ɗin ya nufi ofishin rajistara. Ya tarar da shi da waya a kunne ɗaya, mai fenti a ɗaya kunnen.

"Yallaɓai, wannan ya wuce mako shida. Wata huɗu yake ciki, kuma babu ranar fita."

"Baba, kai mai ɗinki ne ko lauya?" Rajistara ya faɗa ba da faɗa ba, da gajiya. "Mai shari'a ta riga ta duba jerin watan nan ta wuce. Ni ba ni da ikon tura mata fayil ɗin da ba ta kira ba. Masu abin su rubuto koke, a saka a layi. Ka ƙulle ka kai sito, in an nema za a ɗauko."

Basilla ya san yadda ake ɗaukowa daga sito. Ya koma ɗakinsa ya mayar da fayil ɗin kanta, jelarsa na lilo.

Ranar Laraba aka kawo masa takardar miƙa aiki. Duk mai ritaya sai ya cike ta, rajistara ya sa hannu, mai shari'a ta sa nata, sannan a buɗe masa maganar fansho. A ƙasan shafin akwai tambaya guda: aikin da ya rage a hannunka. Kowa "babu" yake rubutawa, har waɗanda suka bar aikin shekara. Wanda ya rubuta wani abu daban, takardarsa takan tsaya sai an bincika, kuma bincike a gidan nan ba ya sauri. Ya naɗe ta ya sa a aljihun hagu, mai lafiya, ya tafi gida.

Da la'asar sakaliya yana zaune a zaure, matarsa na taka keke, ya ba ta labarin duka. Ba ta ɗaga kai ba har ya gama.

"To mene ne abin tunani a ciki?"

"In na rubuta gaskiya, fanshon zai iya makalewa wata da watanni. Kuma rajistara zai ce na kai shi ƙara a makona na ƙarshe."

Ta tsayar da keken. "Malam, shekara ashirin da takwas ina jin labarin makaniken nan. Ko zazzaɓi ka yi sai ka ambace shi. Kana so ka ƙara mini da direba? Ni ba zan iya da biyu ba. Rubuta abin da ke nan. Keken nan ya riƙe mu lokacin da aka yi wata biyar ba albashi, bai manta hanya ba."

Ya dube ta, zuciyarsa ta cika da sonta kamar ranar farko, amma abin da ya fito bakinsa shi ne, "Da za ki haɗa da aljihun nan, da alherin ya cika."

"Kada ka ga na yi laushi," in ji ta, ta ci gaba da taka kekenta.

Washegari ya rubuta da hannunsa mai manyan baƙaƙe: Fayil ɗaya. Ban ƙulle ba. Rajistara ya karanta, ya cire tabarau, ya mayar.

"Baba, ka san abin da wannan zai jawo maka?"

"Na sani, yallaɓai. Amma tambayata aka yi. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya."

Rajistara ya jawo takardar gabansa. Sannan ya sa hannu, ya ɗora ta a saman tarin da za a hau da shi bene, ba a ƙasa ba. A bar shi da halinsa na sauri, wannan kam ya kyauta.

Kafin azahar masinja ya sauko da gudu ya ce mai shari'a na kiran Baba Basilla. Shekara talatin da ɗaya yana ginin nan, sau biyu kacal ya taɓa taka ɗakinta, duka biyun don ɗinka littafin da ya yage. Ya rungumi fayil ɗin ya hau, gwiwoyinsa na ƙara a kowace matakala.

Mai shari'a dattijuwa ce 'yar ƙarama, wadda lauyoyi ke tsoron shirunta fiye da faɗanta. Takardarsa na gabanta.

"Baba, na sa hannu a irin wannan ta fi ɗari. Yau na fara ganin wanda ya bar ragowar aiki ya kuma faɗa. Zare ne ya ƙare maka?"

"Ranki ya daɗe, zare yana nan. Ni ban san shari'a ba, kuma ba ni da bakin magana a kanta. Ɗinki na sani. Irin wannan fayil ɗin ba na ƙulle shi sai takardar sallama ta zo, don ita ce shafin ƙarshe. Tun da na fara haka, ba ta taɓa wuce mako shida ba ta zo ba. Wannan ga zarensa, ranki ya daɗe, har ya sake launi."

Ta miƙo hannu. Ta fara da zaren, ta murza shi tsakanin yatsunta, sannan ta buɗe. Da ta kai amsar tsohon direba sai gefen bakinta ya motsa. Da ta kai takardar tsarewa sai motsin ya ɓace. Ta ɗora yatsa a kan farin gurbin nan ta daɗe ba ta ɗaga ba.

"Wannan ya bi ta gabana a jerin wata huɗu da suka wuce," in ji ta a hankali. "Na wuce shi." Ta ja takarda ta fara rubutu da sauri. "A kawo mini mutumin nan gobe ƙarfe tara. A kira maƙwabcin. A sanar da majistaren ya turo bayaninsa yau." Ta ɗago kai. "Baba, jela nawa ka yi a shekarun nan?"

"Ban ƙirga ba, ranki ya daɗe."

"Kuma babu wanda ya taɓa gaya mini."

"Cewa ake yi ƙazanta ce."

Da ya sauko, ya kira lambar 'yar direban, malamar makarantar nan. Ihun da ta yi a waya, har mai fenti ya jiyo daga baranda.

Ranar Juma'a Basilla ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya shiga zauren kotu ya zauna a bencin baya kamar ɗan kallo. Aka shigo da tsohon direba, dogo, wuyansa ya yi tsawo cikin rigar da ta yi masa yawa, amma kansa a sama. Mai shari'a ba ta ja magana ba. Ta ce wanda ya ƙi bin umarnin kotu ana iya tsare shi, amma doka ta yanka wa tsarewar iyaka, mako shida, kuma babu alƙalin da ke da ikon kulle mutum ba ranar fita. Ta soke umarnin tsarewar nan take. Sannan ta juya ga mai kantin magani.

"Kai me kake so, bishiyar ta faɗi ko katangarka ta tsaya?"

Mutumin ya miƙe yana murza hula. "Katanga, ranki ya daɗe. Wallahi katanga kawai. Yarana ma sun fi nasa shan mangwaron nan."

Kotu ta fashe da dariya, wannan karon har da mai shari'a. Ta ce to tun farko ma ba a tambayi ko za a iya tsirar da katanga ba tare da kashe bishiya ba. Ta yi umarni a haƙa rami a bakin iyaka, a datse saiwar da ta tsallaka, a gyara katanga. Ta dubi tsoho ta ce, "Saiwa kaɗai, Baba. Wannan za ka bi, ko ita ma sai an fara da kai?"

"Zan riƙe musu fitila ma, ranki ya daɗe," in ji shi.

Sai dai umarnin kotu daban, takardar sallama daban. Sai an koma da tsoho gidan yari an cike littafi an buga hatimi, kuma takardar takan yi kwana uku kafin ta iso. Basilla ya koma ɗakinsa ya zauna. An kwashe komai, saura tebur da kujera da fayil ɗaya. Ma'aikata suka taru a baranda da lemo da biskit don yi masa ban kwana, matarsa ta zo cikin kayanta masu kyau, rajistara ya yi jawabi yana duban agogo. Shi dai Basilla idonsa na kan ƙofa.

Ƙarfe huɗu saura kwata sai ga abokinsa gandiroba yana haki, da takarda a hannu. Ya ce ya tsaya a kan shugabansu har ya buga hatimi, don ba zai bari abokinsa ya tafi gida da jela ba. A bayansa tsohon direba ne da 'yarsa, ita tana riƙe da kwando cike da mangwaro.

"Ajiye shi a waje, 'yata," in ji Basilla da sauri. "Har yanzu ni ma'aikaci ne. Sai huɗu ta buga."

Tsoho ya shigo ya tsaya gaban tebur. Ya dubi ɗakin, ya dubi fayil ɗin, ya kai hannu ya taɓa zaren da ya yi dauɗa.

"An ce wannan ne ya fitar da ni."

"A'a, doka ce ta fitar da kai, ɗan'uwa. Wannan hana mantuwa kawai ya yi."

Ya karɓi takardar sallama ya karanta ta daga sama har ƙasa, yadda ya saba. Ya daidaita bakinta da sauran, ya huda wuri uku, ya zaro basillar daga aljihu ya zura tsohon zaren. Da ya zo ƙulli sai ya tsaya. Ƙulli na biyu yana son a danne na farko kada ya kwance, kuma shekara talatin da ɗaya da babban yatsansa yake dannewa.

"Kawo yatsanka nan," ya ce wa tsohon.

Direba ya ɗora yatsansa mai rawa a kan zaren. Basilla ya zagayo, ya ja a hankali har zaren ya kama, tsoho ya zare yatsa, ƙulli ya zauna. Ya sa almakashi ya datse jelar. Sai ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, nauyin da ya ɗauka tun ranar da makaniken nan ya tsaya a ƙofar nan yana roƙon ruwa. Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba. Farin ciki ne, kuma ya bar shi ya zuba.

Masinja ya leƙo ya ce mai shari'a ta sa hannu a takardar miƙa aiki, ta kuma ce daga yau duk wanda ya gaji kujerar nan, jela dole ce, kuma a hau mata da jerin masu jela kowace Litinin. Agogon baranda ya buga huɗu. Basilla ya miƙa wa rajistara basillar da hannu biyu. Rajistara ya juya ta, ya mayar masa.

"Ba ta cikin lissafin kayan ofis, Baba. Na duba. Taka ce tun ta babanka."

Kafin ya rufe baki, matar Basilla ta buɗe jakarta ta zaro wani abu a ninke ta ɗora kan tebur, daidai inda fayil ɗin ya tashi. Wandon nan ne mai ɓarkakken aljihu.

"Kun dai ji da kunnenku, jama'a," in ji ta. "Ashe allurar ba ta hukuma ba ce."

Tsohon direba ya shigo da kwandon da kansa, ya zaɓi mangwaro mafi nuna ya fara ferewa. Basilla ya goge ido da bayan hannu, ya ja kujera, ya goga wa zare kakin zuma, ya juyo aljihun waje.